Gayyar Filaye Arba'in

A Birnin Konni, cikin shekarar 2008, an yi wani mutum da ake kira Mamane Mai-Awo. Sunan ya samo shi ne daga wata uku da ya taɓa yi yana riƙe wa ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, bakin igiyar awo, lokacin da ake yanka filaye a bayan tasha. Ba shi ke karanta lambar da ke jikin igiyar ba, riƙewa kaɗai aka ba shi. Duk da haka, tun daga wannan lokaci, in aka ambaci ƙasa ko iyaka a gabansa sai ya gyara zama, ya ɗaga hannu, ya ce a dakata masana su yi magana.

A shekarar ne wani wasa ya shigo siber ɗin Madam Hadiza, wato ɗakin da ake shiga intanet kusa da kasuwa. Mutane suka sa masa suna wasan garuruwa. Ya kamata a bayyana dokarsa tun yanzu, domin a kanta komai ya rataya. Akwai babbar taswira a cikin kwamfuta, an yanka ta fili-fili. Kowane ɗan wasa, ko daga wace ƙasa yake, ana ba shi fili ɗaya ya gina gari, ya haƙa rijiya, ya cika rumbu, ya tara dakaru. 'Yan wasa sukan haɗu su yi ƙungiya, shugabansu kuma yana da ikon kafa tuta a duk filin da ba shi da mai shi. Sai dai tuta kaɗai ba ta riƙe ƙasa fiye da mako ɗaya. Dole a samu ɗan wasa ya zauna a filin, kuma dole ya leƙo garinsa aƙalla sau ɗaya a cikin kwana uku. In bai leƙo ba, ciyawa ta rufe garin, maƙwabci ya shigo ya ɗauka ba tare da faɗa ba.

Ƙungiyar Konni mutum bakwai ce, garuruwanta bakwai, a manne da juna. Mamane ne shugaba, ba don an zaɓe shi ba, sai don ranar da aka kafa ƙungiyar shi ya riga kowa cewa shi ne. Shugabancin kuwa yana da wata riba wadda ba a cikin kwamfuta take ba. Kwamfuta huɗu ce a siber ɗin, fanka ɗaya. Fankar tana saman kwamfuta ta ɗaya, kuma an yi ittifaƙi cewa kujerar nan ta shugaba ce, duk wanda ya tarar a kai sai ya tashi. Wanda ya taɓa zama a Konni cikin watan Mayu, a ɗaki mai rufin kwano, ya san wannan ba ƙaramar sarauta ba ce. Kwamfuta ta huɗu kuwa tana bakin ƙofa, inda rana ke shigowa tare da hayaƙin janareta.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Mamane ya tara mutanensa shida a bayan kujerarsa, ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfuta.

"Ku duba nan. Daga garuruwanmu zuwa bakin kogin can, hili talatin da uku, babu kowa. Na auna."

"Da mi ka auna?" in ji Madam Hadiza daga teburinta.

"Da ido, Madam. Wanda ya yi aikin ba ya bukatar igiya. Yau zan kafa tuta a kansu duka, su cika arba'in."

A cikin mutanen akwai Labo, ɗan kasuwar albasa daga wajen Malbaza, mutum mai ƙarancin magana. Garinsa a cikin wasan shi ne mafi ƙanƙanta, amma ganuwarsa biyu ce kuma rumbunsa a cike yake. Ya daɗe yana kallon taswirar, sannan ya ce:

"Da su wa?"

"Mi?"

"Hilayen. Da su wa za ka zauna a cikinsu? Mu bakwai muke."

"Ka ga matsalarka, Labo. Kai tunanin buhu gare ka. Ƙasa ake fara kamawa, mutane su biyo baya. Da anka yanka bayan tasha, akwai kowa? Tahi ka gani yanzu."

"Bayan tasha babu Mai-Kada."

Mai-Kada shi ne maƙwabcinsu na ƙetaren kogi a cikin wasan. Babu wanda ya san ko wane ne, ko a wace ƙasa yake zaune. Tutarsa ce take da hoton kada, kuma ƙungiyarsa ta fi mutum sittin.

Mamane ya yi dariya har fanka ta kaɗa masa hula. Ya ce in yau kwana goma tutar Konni ba ta kan fili arba'in, zai tashi daga kujerar nan ya ba Labo, shi ya koma ta huɗu. Labo ya ce shi bai nema ba. Madam Hadiza ta ce ita ta ji, ta rubuta a takarda da manyan haruffa, ta manna a bango kusa da jadawalin salla.

Kafin la'asar Mamane ya kafa tuta talatin da uku. Da ya ga filayen a buɗe suke, sai ya ba da umarni kowane gari ya kawo dakarunsa a rarraba, fili ɗaya dakaru biyu. Mutum biyar suka bi umarni. Labo ya ce nasa dakarun ba su jin daɗi.

"Dakarun kwamfuta ne ba su jin daɗi?"

"Haka sunka ce mini."

Ranar Asabar Mamane ya fita neman jama'a. Ya fara da tasha, inda ya tarar da Mahamudu, direban babbar mota mai ɗaukar siminti daga Malbaza, yana kwance a ƙarƙashin motarsa yana shan inuwa.

"Mahamudu, tashi. Gari zan ba ka, kyauta."

"A ina?"

"A cikin kwamfuta."

"Ana iya aje mota?"

"Ba a aje mota."

"Ana sayar da man gazuwal?"

"Mulki nake faɗa maka, kai kana zancen gazuwal. Abin da za ka yi kaɗai, ka leƙo shi duk kwana uku."

"Mai-Awo, ni da gidana na gaske sai in yi sati biyu ban leƙa ba. Uwargida na nan, tambaye ta."

Ya je wurin mahauta, suka ce in garin yana da kasuwar dabbobi su zo. Ya je wurin mai shayi, mai shayi ya ce ya yarda, amma sai an kawo masa kwamfutar nan bakin tebur, don ba ya barin wuta. Mamane ya koma siber da mutum ko ɗaya babu, ya sanar cewa tattaunawa tana tafiya yadda ake so.

Ranar Lahadi ya yi wata dabara. Ya buɗe sunaye tara da hannunsa, da na matarsa Zahara'u, da na surukansa, da na wata gwaggonsa da ke Illela wadda ba ta taɓa ganin kwamfuta ba, ya zaunar da kowanne a fili. Litinin da safe masu kula da wasan suka aiko da saƙo cikin Faransanci. Madam Hadiza ta karanta wa kowa da ƙarfi.

"Sun ce sun yi mamakin mutum tara da anka haifa rana ɗaya, sunka shigo daga kujera ɗaya, kuma dukansu kalmar sirrinsu 'mamane'."

"Dangi ne," in ji Mamane.

"Sun goge dangin. Sun ce mutum ɗaya, suna ɗaya. In ka sake, kai za su goge."

Mamane ya ce da ma gwada su yake yi ya ga ko suna aiki. Sannan ya hau babur ɗinsa ya nufi ƙauyen mahaifiyarsa da ke kan hanyar Alela.

Ya tarar da Kawu Tanimun, wan mahaifiyarsa, a gindin gawo yana ɗaure ƙotar sungumi, wato doguwar hauyar da ake saran ramin shuka da ita. Yana ɗauri yana ɗaga kai yana duban gabas. Bayan an gaisa, an tambayi gida da zafi, Mamane ya yi bayanin wasan daga farko har ƙarshe. Kawu Tanimun bai katse shi ba.

"Na gane," in ji shi. "Gona ta wadda ba a cin abin da ta bayar."

"Mulki ne, Kawu. Mutum talatin da uku nake so."

"To. Roƙo ka zo yi, ko gayya kake kira?"

A nan ma sai an yi bayani, domin abu biyun ba ɗaya ba ne. Mai roƙo yakan sunkuyar da kai, wanda ya ga dama ya zo, a rabu a kan na gode. Mai gayya kuwa yakan raba goro, ya kira makaɗi, ya ciyar da jama'a, a yi masa aiki ana yabonsa. Amma duk wanda ya amsa masa, ranar da shi ma ya kira, babu uzuri, zuwa ake yi. Mamane ya san wannan sarai. Sai dai girman kansa bai yarda da kalmar roƙo ba, kuma makaɗi ya riga ya fara kiɗa a cikin kansa.

"Ni Mamane in yi roƙo? Gayya nake kira."

"Ka san abin da ke bin ta?"

"Kawu, a garin nan anka yanke mini cibiya."

"Shi ya sa na tambaya."

Mamane ya zaro ƙullin goro daga aljihu. Kawu Tanimun ya karɓa, ya ce Laraba.

A gida, Zahara'u ta ji cewa za ta yi tuwo da fura na mutum talatin da uku. Ta ajiye muciya.

"Malam, yaushe munka yi gona?"

"A siber za a yi."

"To tuwon ma a kai gero can, kwamfuta ta tuƙa."

Amma ta yi, domin ta ce ba za a ji kunya da sunan gidanta ba.

Ranar Laraba da hantsi amalanke huɗu suka tsaya a ƙofar siber. Mutum talatin da uku suka sauko, kowa da hauyarsa a kafaɗa, domin ba a zuwa gayya hannu banza, ko da an ce ba za a yi amfani da ita ba. Aka jingina hauyoyin a bango har suka rufe allon sunan siber ɗin. Makaɗi ya tsaya a bakin ƙofa da gangarsa. Masu wucewa suka tsaya. Wani jandarma, wato jami'in tsaro, ya zo ya tambayi ko rikicin gona ne, aka yi masa bayani, ya ce bai gane ba amma zai tsaya ya gani.

Madam Hadiza ta riga ta rubuta wa masu kula da wasan cewa yau mutane na gaske za su shigo, kowa da hannunsa. Aka fara shigar da su huɗu-huɗu. Nan da nan aka gano cewa goma sha ɗaya daga cikinsu sunansu Abdu, kwamfuta kuwa ba ta karɓar suna ɗaya sau biyu. Aka yi shawara, aka yarda kowane Abdu ya ƙara sunan sansa na noma. Abdun da ba shi da sa ya ƙara na jakinsa, ya ce a rubuta cewa na wucin gadi ne.

Da aka zo kan kalmar sirri, Madam Hadiza ta ce kowa ya raɗa mata tasa a kunne. Kawu Tanimun ya ce a ƙauyensu namiji ba ya yi wa matar wani raɗa, kuma babu sirri tsakanin 'yan'uwa. Saboda haka kowa ya miƙe ya faɗi tasa da ƙarfi, makaɗi ya maimaita ta da ganga, jama'ar waje suka amsa.

Intanet ɗin ranar a hankali yake tafiya. Duk lokacin da aka danna, sai wani ɗan layi ya fara cika kaɗan-kaɗan a ƙasan gilashi. Makaɗi ya lura da haka, ya ɗauka shi ne ma'aikacin da ya yi sanyi, ya matso ya dinga yi masa kirari. Sau biyu layin ya cika daidai lokacin da ya buga ganga, daga nan babu wanda ya isa ya ce masa ba shi ba ne. Da wuta ta ɗauke aka tayar da janareta, ya ce ba zai yi gasa da inji ba, sai da aka ƙara masa fura.

Wani tsoho da aka nuna wa filinsa ya tambayi ko jigawa ce ko fadama. Mamane ya ce duk ɗaya ne. Tsohon ya dube shi da tausayi, ya ce wa na kusa da shi, "Wanga shi na Mai-Awo?"

Babbar matsala ta zo ne bayan azahar. A cikin mutanen akwai Usman da Ayuba, waɗanda suka shekara goma sha biyu suna jayayya a kan layin ciyawar gamba ɗaya da ke tsakanin gonakinsu. Kwamfuta ba ta san wannan ba, ta ba su filaye a manne. Ayuba ya nuna wani jan maɓalli ya tambayi Madam Hadiza amfaninsa.

"Na tura dakaru ne."

"Ga wa?"

"Ga wanda kake so."

Kafin Mamane ya taso daga ƙarƙashin fanka, dakarun Ayuba biyu suna kan hanyar garin Usman. Usman, wanda tun safe yake cewa hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, ya gano jan maɓallin ba tare da an nuna masa ba. Dakaru huɗu suka mutu, dukansu na Konni. Makaɗi ya yabi ɓangarorin biyu.

Da la'asar dai aka gama. Taswira ta yi kore shar daga garuruwan Konni har bakin kogi. Aka ci tuwo, aka sha fura, aka yi wa Zahara'u addu'a. Mamane ya hau kan benci ya gode wa jama'a, ya tuna musu cewa kowa zai dawo ranar Asabar ya leƙa garinsa, daga nan kuma duk bayan kwana uku.



"Har yaushe?" in ji wani Abdu.

"Har abada. Ai garinka ne."

Kawu Tanimun ya goge hannunsa, ya ɗauki hauyarsa. "Mamane, gayya yini ɗaya ta. Mun zo, mun yi, mun ci."

"Asabar kaɗai, Kawu. Daga nan zan san yadda zan yi."

Kawu Tanimun ya dubi gabas, ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Alhamis Mamane ya sa aka buga masa taswirar a takarda. Ya kai ta tasha, ya kai ta wurin mahauta, ya shimfiɗa ta a teburin mai shayi ya ce a yi hankali da madara. Ya tambayi Labo ko ya taɓa zama a kujera ta ɗaya, don in yana so zai bar shi ya taɓa ta da hannu. Da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, aka tafka ruwa irin wanda ake jira tun wata bakwai. Mamane ya tsaya a ƙofar siber yana shaƙar ƙamshin ƙasa, ya ce har sama ta yi murna.

"Ruwan shuka na," in ji Labo.

"Sai mi?"

"Ba komi."

Juma'a da safe Mamane ya leƙa garinsa, ya ga komai lafiya, ya hau babur don ya je ya tuna wa mutanensa zancen Asabar. Ya tarar da ƙauyen babu kowa sai kaji. Maza da mata duk suna gona, maza na sara, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Kawu Tanimun ya hango shi, ya taho da sungumi biyu.

"Madalla. Yanzu muke cewa a aika maka."

"Kawu, zancen gobe na zo."

"Mu zancen yau muke. Mutum talatin da uku sunka amsa maka. Sun zauna, sun yi maka sauƙi, kowa rabin yini."

"Ai ba a kiran gayya a shuka, sai a noma!"

"Kai ma ba a gona ka kira mu ba, kuma ba mu yi gardama ba."

Ya miƙa masa sungumi ɗaya, ya zare makullin babur ya sa a aljihunsa, ya ce don kada ya faɗi a cikin ƙasa.

Mamane ya duba, ya ga idon ƙauye duka a kansa. Ya naɗe hannun riga, ya ce to a matsa, yau za a ga yadda masana ke fitar da layi. Aka fara da gonar Ayuba. Mamane ya ƙi a nuna masa iyaka, ya ce shi da ya yanka bayan tasha. Ya sunkuyar da kai ya dinga sara, matar Ayuba na binsa da iri. Layin ya fara miƙe, ya ɗan karkata, ya ratsa gamba, ya shiga gonar Usman taku arba'in kafin wani ya yi ihu. Geron Ayuba ya kwanta a ƙasar Usman. Aka taru, aka ɗaga murya, aka ambaci kakanni. A ƙarshe, karo na farko cikin shekara goma sha biyu, Usman da Ayuba suka yarda da abu ɗaya: Mai-Awo ya tone ramukan da hannu, ya tsince irin.

Ranar Asabar tafukan hannunsa suka yi ruwa. Da rana ta take, ya nemi inda waya ke kamawa, aka nuna masa wani suri a bayan gari. Ya hau, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya kira Madam Hadiza.

"Madam, ki shiga da sunayensu ki leƙa musu. Kin ji kalmomin sirrin."

"Duk Konni ta ji su, Malam Mamane. Amma mutum ɗaya, suna ɗaya. Ni na sa hannu."

"To yaya taswirar?"

"Ciyawa ta fara daga bakin kogi. Kuma akwai kada a gefe, yana jira."

Ya sauko ya bi mutane gona-gona yana cewa awa ɗaya kaɗai, zai kai su ya dawo da su. Suka ce ƙasa na bushewa, in ba a shuka yau da gobe ba sai wani ruwan. Usman ne kaɗai ya nuna damuwa. Ya tsaya, ya jingina da sungumi, ya tambaya ko Ayuba ne zai ci garinsa. Da aka ce masa a'a, wani baƙo ne daga ƙetaren kogi, sai ya ce to babu laifi, ya ci gaba da sara.

Lahadi ta wuce haka. Litinin, ranar cikar kwana goma, Mamane ya gama gona ta shida da hantsi, ya ce zai zaga bayan gari. Ya zaga har bakin hanya, ya tsayar da motar itace, ya hau saman kaya.

Ya iso siber ana kiran azahar, rigarsa ja da ƙasa, hannuwansa a naɗe da tsumma. Ɗakin a cike yake. Mahamudu direba yana nan, mahauta biyu suna nan, mai shayi ya bar wutarsa a karo na farko, jandarman ma ya dawo ya ga ƙarshen abin da bai gane farkonsa ba. Aka buɗe masa hanya. Ya zauna a kujera ta ɗaya, ya ɗaga kai fanka ta busa shi, sannan ya danna da gwiwar yatsa.

Layin ƙasan gilashi ya cika a hankali. Babu makaɗi.

Taswira ta fito. Daga bakin kogi har inda garuruwan Konni suke, kada ne a kan kowace tuta. Filaye talatin da uku ciyawa ta ba da su. Garuruwan mutum biyar da aka kwashe wa dakaru, da faɗa aka ci su, faɗan da bai kai minti ɗaya ba. Garin Mamane kansa, wanda ya leƙa Juma'a da safe, kwanansa uku sun cika tun hantsi, yana saman motar itace. A tsakiyar kadojin nan duka, ɗigon kore ɗaya ya rage, mai ganuwa biyu, da dakarun da ba su jin daɗi.

"Akwai saƙo," in ji Madam Hadiza. "Daga Mai-Kada. In karanta?"

"Ba sai kin karanta ba."

Ta karanta. Mai-Kada ya gaishe da shugaban Konni da girmamawa. Ya ce mutanensa sun yi yawa, sun daɗe suna neman inda za su zauna, kuma bai taɓa samun maƙwabcin da ya share fili, ya haƙa rijiya, sannan ya tashi ya ba da wuri ba. Ya tambaya ko akwai wani wurin da shugaban yake shirin kamawa nan gaba.

Malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗaya daga cikin biyar ɗin, wanda ya yi wata huɗu yana gina garinsa, ya cire tabarau ya ce, "Mai-Awo, ina dakaruna?"

"Dabarar yaƙi ce, Malam. An bar shi ya shigo ya bazu. Yanzu ƙasa ta yi masa yawa."

"Su sittin ne."

"To, ka gani. Cunkoso."

Madam Hadiza ta je bango ta ciro takardar, ta ajiye a gabansa, ta danne da linzamin kwamfuta don kada fanka ta ɗauke.

Mamane ya karanta ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe kujerar da tsumman hannunsa, ya ce wa Labo bismilla.

"Da ma damina ta shigo," in ji shi. "Wa ke bukatar fanka yanzu? Sanyi take sa wa mutum a ƙirji."

Zufa na ɗiga daga haɓarsa lokacin da yake faɗin haka. Labo ya zauna, ya gyara hula, ya buɗe garinsa, ya ƙara wa ganuwa tubali ɗaya.

Mamane ya nufi kujera ta huɗu, amma bai kai gare ta ba. A bakin ƙofa, inda rana ke shigowa, amalanke na tsaye. Kawu Tanimun na kai, da sungumi biyu a gefensa.

"Bayan garin naka da nisa," in ji Kawu Tanimun. "Hau. Shida ka yi, saura ashirin da bakwai. Shuka ta kusa ƙarewa, sun ce sauran su jira ka a noma."

Mamane ya hau. Jama'a suka fito ƙofa suna kallo. Sa ya ja, amalanke ya motsa, kuma tun ba su kai kwanar kasuwa ba aka ga Mamane ya gyara zama, ya ɗaga hannun nan mai tsumma yana nuna yamma. Mahamudu, wanda ya bi su a ƙafa don ya ɗauko motarsa, shi ya ji abin da ake cewa.

"Kawu, na lura da dajin nan da ke tsakanin ƙauye da hanya. Na auna shi daga saman mota. Gona ɗari ce a kwance, babu mai ita. In kun ba ni dama, baɗi mu share shi duka."

Kawu Tanimun ya taɓa sa da sanda, bai ko juyo ba.

"Da su wa?"